Teburin Baffa Mai Ƙafa Ɗaya

Don Allah in wani ya tsinci wannan rubutun ya yi min afuwa. Ni ba gwanar tsara zance ba ce, rubutun hannuna ma malamarmu ta ce kamar kaza ta bi ta kan ɗanyen siminti. A bayan littafin lissafina nake yi, don shi kaɗai na tabbata ba mai buɗewa a gidan nan. Abin ne ya tsaya min a wuya. In ban faɗa wa takarda ba, zan fashe da dariya a gaban Baffa, ranar kuwa kashina ya bushe.

Baffa, wato mahaifina, kafinta ne. Rumfarsa na jikin gidanmu, tsakanin shagon mai aski da na mai walda. Duk layin ba mai kiransa da sunan yanka, Ido-Mudu ake ce masa. Asalin sunan, wata rana ya yanka ƙafafun kujera ba awo, mai aski ya ce, "Kafinta, ido fa ba mudu ba ne." Baffa ya ce, "Naka ke nan. Nawa mudu ne, har da sikeli a ciki." Tef ɗin awonsa na rataye a ƙusa, gizo-gizo har ya aurar da jikoki a kansa.

Bayan idon, abin da Baffa ya fi ƙauna a duniya shi ne gashin bakinsa. Shekara ashirin da biyu reza ba ta taɓa shi ba. Yana da ɗan matajinsa na musamman a aljihun gaba. In zai faɗi gaskiya sai ya murɗa gefen dama, in zai shara ƙarya sai ya murɗa na hagu. Inna, matarsa, wadda ke ɗinki a ɗakin da tagarsa ke kallon rumfar, ta ce shi ya sa na hagun ya fi tsini.

To, ranar wata Litinin sai ga labari: an kawo sabuwar shugaba makarantar ƙarshen layi, ta tarar da teburan azuzuwa duk sun karye. Ta aiko wa Baffa da mai walda, kowa ya haɗa tebur ɗaya ya kai ranar Alhamis, wanda nasa ya fi shi za a ba aikin.

Mai walda ya leƙo, tabaran aikinsa a goshi. "Ido-Mudu, ka ji? Ka huta kawai. Ƙarfe ƙafa huɗu, ko giwa ta zauna ba ya motsi."

Baffa ya tuntsire da dariya. "Ƙafa huɗu! Jaki za ka kai musu? Mai ƙafa huɗu ai matsoraci ne, bai yarda da kansa ba. Ni tebur zan yi mai ƙafa ɗaya tak, ya tsaya cak kamar soja."

"In ya faɗi fa?"

"Ba zai faɗi ba."

"Na ce in ya faɗi."

Mai aski ya fito da almakashi a hannu, ya bar wani bawan Allah da rabin kai a kujera. Mutanen da ke jiran layi ma suka fito. Da Baffa ya ga idanu sun taru, sai kansa ya kumbura. Ya murɗa gashin bakinsa, gefe biyun a tare.

"Ku shaida. In teburina ya faɗi a gaban Shugaba, mai aski ya aske wannan, tas, a inda ya faɗin."

Mai aski ya ɗaga hannu sama. "Allah na gode maka. Shekara ashirin da biyu ina kallon dajin nan, hannuna na ƙaiƙayi."

Daga taga Inna ta tsayar da keken ɗinki. "Malam, in ka ji ganga ta cika zaƙi..."

"Ke dai ja zarenki."

Katakon kirki ɗaya ne a rumfar, wani tsohon ƙyaure mai kauri. Baffa ya sa ƙarfe zai ɓamɓare maratayinsa, ya danna da ƙarfin da ya fi hankali, sai ƙyauren ya ce ƙaƙas! Ya tsage daga wannan kusurwa har waccan. Rabi ɗaya ya ragargaje. Ɗayan ya fita lafiya, amma kusurwarsa uku: gefe ɗaya faffaɗa, ya tafi yana tsukewa har ya ƙare da tsini kamar bakin tsuntsu. Irin wanda a aji muke kira alwatika.

Baffa ya daɗe yana kallonsa. Ya ji takun mai walda a bayansa, sai ya yi maza ya kama gefen hagu ya murɗa.

"Yauwa! Daidai yadda na so. Tebur mai kusurwa uku. Kusurwa ta huɗu ai ɓarnar katako ce, ba mai zama a can."

Ƙafar kuwa, ta wani tsohon gado ce, ya dasa ta a kan gindin matacciyar fanka. Saura a san inda za a kafa ta a ƙarƙashin katakon. Baffa ya ƙanƙance ido ɗaya. "Abu mai sauƙi. Rabin tsawo, ga shi. Rabin faɗi, ga shi. Inda suka haɗu nan ce cibiya." Ya jawo yatsan dama, ya jawo na hagu, suka haɗu daidai bakin tsagar, inda katako ya ƙare.

Mai walda ya sunkuya ya duba. "A iska za ka buga ƙusar? Bari in riƙe maka iskar kar ta motsa."

"Katakon ne bai san lissafi ba," in ji Baffa. Ya matso ciki da taƙi ɗaya, ya huda, ya kafa, ya miƙar da tebur, ya ja da baya yana kaɗe hannu.

Teburin ya yi kamar yana tunani. Sannan ya sunkuyar da faffaɗan gefensa a hankali, cikin ladabi, ya kwanta a kan kofin shayin mai aski.

"Gaisuwa yake yi," in ji Baffa. "Tarbiyya ce."

"To ka ce masa na amsa, ya biya ni shayina da tashi tsaye."

Baffa ya cire ƙafar ya matsar da ita can cikin faffaɗan gefen. Wannan karon tsinin ne ya duƙa ya caki ƙasa. Ya dawo da ita baya kaɗan, teburin ya kifa dama. Ya gusa, ya kifa hagu, a kan babban yatsan ƙafarsa. Baffa ya yi tsalle uku da ƙafa ɗaya.

"Ka ga," in ji mai walda, "kai ma da ƙafa ɗayar ba ka tsayu ba."

Kafin la'asar ɗin Talata ramuka goma sha ɗaya ne a jikin katakon. Mai aski ya ce in aikin makaranta bai samu ba, a sayar wa mata su yi rariya.

Inna ta leƙo ta taga, allin ɗinki a kunne. "Malam, ba ni minti biyar da zare ɗaya in nuna maka wurin. Gefen can ya fi nama, dole cibiyar ta karkata wajensa, amma ba da ka ake..."

"Tela," in ji Baffa da muryar haƙuri, don ya san maƙwabta na ji, "allura daban, zarto daban. Na taɓa shigowa na ce miki ga yadda ake wuyan riga?"

"Ka taɓa. Mai rigar har yau ba ta gaishe ni."

Layin ya kwashe da dariya. Baffa ya juya wa tagar baya.

Ranar Laraba dabara ta faɗo masa. Tunda teburin ya ƙi bin ƙafa, to a yi masa dole. Gefen da ya yi sama a rataya masa nauyi ya sauko. Ya faki idon Inna ta shiga kicin, ya zura hannu ta taga ya ɗauke dutsen gugarta, wanda ake zuba wa gawayi. Ya ɗaure shi da waya a ƙarƙashin tsinin. Tsinin ya yi ƙasa da yawa. Ya rataya kwaɗon ƙofar gida a ɗaya gefen. Teburin ya karkata hagu. Ya ƙara babban almakashin Inna a dama. Ya ƙara guduma. Ya ƙara kan tsohon famfo. Abin dai garin gyaran gira ana ta tsone ido.

Daga ƙarshe teburin ya tsaya. Yana rawar sanyi, amma ya tsaya. Baffa ya ja numfashi zai yi kabbara, sai ya ga iskar bakinsa ma na kaɗa shi, ya haɗiye abarsa.

"Malam!" Inna daga ciki. "Ka ga dutsen gugana? Ga kayan mutane jibge."

"Ni da guga? Ki tambayi maƙwabta, kin san halin aro."

"Almakashina fa?"

"Tare suka fita ke nan."

Yana faɗa hannunsa na kan gefen hagu, har sai da ya ji zafi.

Safiyar Alhamis ya lulluɓe teburin da wani labule mai furanni da aka kawo wa Inna ta yi wa baki, ya sauko har ƙasa ya rufe asirin. Ya ɗora a baro ya kama hanya. Kowane rami baron ya faɗa sai ka ji ƙwal, ƙwalam, ƙararam. Mai walda na gefe da nasa teburin a ka. Mai aski ya rufe shago ya biyo su, reza da sabulu a aljihu, bayansa kuma rabin layin.

"Ido-Mudu, me ke kuka a ƙarƙashin zanen?"

"Inganci ne. Ba ka saba jin sa ba."

"Kai kuma ina za ka da reza?" Baffa ya harari mai aski.

"Rakiya ce kawai. Zumunci ai a ƙafa yake."

A barandar ofis aka jera teburan biyu. Ga Shugaba da gilashinta da ƙatuwar jaka, ga malamin lissafi rungume da littattafai, ga shugaban kwamitin iyaye, wani dattijo cikin farar riga sabuwa fil. Mai walda ya hau kan nasa teburin ya yi tsalle biyu ya sauko. Aka tafa.

Baffa ya ɗauki minti goma yana saita nasa, yana lallaɓa shi kamar jariri mai rigima. Da ya tsaya, sai ya manna gwiwarsa a gefe ta bayan labulen, ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, abin da kike gani ba a taɓa yin sa ba. Ƙafa ɗaya, kusurwa uku. Yara ba za su yi faɗan wuri ba, mai shara kuma ba zai yi ta kewaye ƙafafu ba. Ban taɓa shi da tef ba. Ido ne kawai."

"Ikon Allah," in ji Shugaba. Ta sauke jakarta za ta ajiye a kan tsinin.

Baffa ya cafke ta a iska. "Ranki ya daɗe, jaka mai daraja irin wannan ai sai tsakiya." Ya ajiye ta a hankali. Teburin ya yi wani ɗan nishi, Baffa ya ƙara danna gwiwa.

Malamin lissafi ya jibge littattafansa a faffaɗan gefen. Baffa ya kai hannun hagu ya dafe tsinin, kamar mai jingina don jin daɗi. Masinja ya kawo jug ɗin ruwan sanyi da kofuna ya dire a ɗaya kusurwar. Baffa ya tura ƙugunsa ya tare. Yanzu gwiwa na aiki, hannu na aiki, ƙugu na aiki, gumi na bin gashin baki yana ɗiga.

"Kafinta, lafiya kake tsaye a karkace?" in ji dattijon kwamiti.

"Haka muke tsayuwa a gidanmu, Alhaji. Gado ne."

Dattijon ya ji daɗin amsar. Ya miƙo hannu daga inda yake. "Kai, ka burge ni. Zo mu gaisa."

"Daga nan ma na amsa, Alhaji."

"Haba, babba na miƙo maka hannu?" in ji mai walda da ƙarfi. "Ina tarbiyyar da ka koya wa teburin?"

Idanu duka suka dawo kan Baffa. Ya dubi hannun dattijo, ya dubi teburin, ya yi masa kallon roƙo irin na tsakanin uba da ɗa. Sannan ya saki, ya yi taku ɗaya.

Teburin bai ko yi shawara ba. Jug ya tashi sama ya juye a kan farar riga. Littattafai suka bazu. Jakar Shugaba ta kife, makullai da ƙwayoyin magani suka watse. Labulen ya zame, sai ga kayan ciki: guduma ta faɗo, kan famfo ya gangara ya sauka matakala yana ƙwal ƙwal ƙwal, kwaɗo ya bi shi, dutsen guga ya tsinke ya sauka a kan ƙafar mai walda, ya buɗe baki ya amayar da toka.

"Wayyo ƙafata! Tebur ne ko shagon gwangwan?"

Ɗalibai suka cika tagogi suna ihu. Dattijo na tsaye ruwa na zuba daga gemunsa. Baffa ya buɗe baki, ya kai hannu gefen hagu, amma ƙarya ta ƙi zuwa.

Mai aski ya riga ya jawo benci, har ya kaɗa kumfa. "Bismillah, Ido-Mudu. A inda ya faɗi, ka ce."

Baffa ya zauna kamar wanda aka zare wa laka. Ya rufe ido. Ya ji sanyin kumfa, ya ji reza ta ce ƙarrr a gefen dama, ya ji shekara ashirin da biyu na sauka a cinyarsa.

"Ashe nan dutsen gugana ya zo karatu."

Muryar Inna ce. Ta biyo sawun labulen mutane ne, don wata maƙwabciya ta ce ta gan shi yana tafiya a baro. Ta gaida Shugaba, ta ba dattijo haƙuri, ta tsince almakashinta ta duba bakinsa. Sannan ta dubi mijinta a kan benci, kumfa har hanci, yara na nuna shi da yatsa. Ta yi ajiyar zuciya.

"Mai walda, in ƙafarka ta huce, cire min tarkacen nan ka kwantar da katakon."

Ta zaro zare daga jakarta, ta ciro allin daga kunne. Ta auna gefe ɗaya da zaren, ta ninka shi biyu, inda ninkin ya tsaya ta ɗiga alli. "Tsakiyar wannan gefen ke nan." Ta yi wa sauran gefe biyun haka. Sai ta goga wa zaren alli, ta kama bakinsa a wata kusurwa, ta ba malamin lissafi ɗaya bakin ya danne a ɗigon gefen da ke fuskantarta, ta ja zaren ta saki. Ya bar farin layi. Ta yi na biyu. Ta yi na uku. Layukan nan uku suka zo suka haɗu a wuri ɗaya, kamar sun yi alkawari.

Mai walda ya ƙirga da yatsa. "Rami goma sha ɗaya, ko ɗaya bai dace ba. Wallahi wannan ma baiwa ce."

"Cibiyar alwatika!" in ji malamin lissafi. "Ku duba, yara! Kowane layi, kashi biyu daga kusurwa, kashi ɗaya daga gefe. Hajiya, a ina kika karanta?"

"Ban karanta ba, Malam. 'Yarmu ce ta yi sati tana haddace shi a gindin kekena, har na fara jin sa a mafarki."

Aka ɗaga katakon aka ɗora mahaɗar layukan a kan ƙafar gadon, ba ƙusa ba komai. Inna ta janye hannunta. Katakon ya zauna daram. Aka buga ƙusa biyu, Shugaba ta mayar da jakarta, masinja ya ɗora kofi a kan tsinin. Ko gezau.

Baffa ya buɗe ido ɗaya, ya ture hannun mai aski ya miƙe. "Dakata! Ya tsaya! Jama'a ku shaida, teburina ya tsaya da ƙafa ɗaya!"

"Ya faɗi dai," in ji mai aski.

"Ya tashi!"

"In ya faɗi ka ce, ba ka ce in ya kwana a ƙasa ba."

Aka kai ƙara gaban Shugaba, wadda ke ta goge gilashi don kar a ga tana dariya. Ta ce, "Sau ɗaya ya faɗi, sau ɗaya ya tsaya. An aske rabi, a bar masa rabi. Aikin kuma ga yadda za a yi: kafinta ya yi saman, mai walda ya yi ƙafafu, huɗu huɗu don Allah. Awo kuwa, ba a yanka komai sai Hajiya ta sa alli."

Haka Baffa ya turo baro ya dawo gida, dama fili fetal, hagu na tsaye da tsininsa. Inna na biye da dutsen guga a hannu. Sun kusa ƙofa ta ce, "Malam, na gaskiyar aka aske, aka bar maka na ƙaryar. Ka je a daidaita, kar nauyin ya rinjaye ka ka kifa kamar teburin. Ba ni da zaren da zai nemo taka cibiyar."

Ya ajiye baro ya shige shagon mai aski da ƙafarsa.

Yau kwana huɗu ke nan. Jiya ya gaya wa masu jiran aski cewa dama zafi ne ya dame shi, likita ya daɗe yana ba shi shawarar ya sauke gashin. Yau kuma tun safe nake jiyo shi ta taga, wai dabarar zare uku ta kakansa ce, shi ya koya wa Inna tun tana amarya, ya bar ta ta nuna ne don mata su samu ƙwarin gwiwa. Yana faɗa yana kai hannu zai murɗa, sai ya damƙi iska. Mai walda ya ce in gaskiya ne ya zana a gani. Baffa ya zana layi biyu, na ukun ya tafi wani gari daban. Yanzu na ji yana cewa allin ne ba shi da kyau, amma akwai zanen a littafin 'yarsa, bari a kawo.

Wai littafin 'yarsa. Littafin lissafi. Innalillahi, wannan ne fa a hannuna! Ga shi yana ƙwala min kira, ga takunsa a tsakar gida, in na yage shafin nan zai ji ƙarar, in kuma na